Hoto Goma Sha Biyu A Ranar Asabar

Ranar Asabar da safe, kafin rana ta take, wanda ya bi ta harabar Gidan Tarihi na Jos yakan ci karo da wani magidanci daga unguwar Gangare tare da 'ya'yansa biyu, mace 'yar shekara tara da ƙanenta ɗan shekara bakwai. Ba kallon namun daji ke kawo su ba, ko da yake gidan namun yana nan daura da wurin. Ɗaukar hoto suke koyo. Shi uban tela ne; ɗan abin da ya sani game da hoto ya tsince shi ne tun yana saurayi wajen wani mai hoto da ke maƙwabtaka da shagon maigidansa, a zamanin da ake wanke fim cikin ɗakin duhu, a shanya dodon hoto bisa igiya kamar kayan wanki.

Kyamarar yaran kuwa ba wata aba ba ce illa tsohuwar wayar hannu da aka cire wa layi. Amma ya kafa musu doka guda wadda ba ya sassautawa: kowannensu hoto goma sha biyu kaɗai zai ɗauka a yini. Dalilinsa shi ne, a dā fim ɗin kyamarar akwati hoto 12 yake ci, na ƙaramar kyamara kuma 24 ko 36, kowane ɗaya da kuɗinsa, saboda haka mai hoto ba ya danna maɓalli sai ya tsaya ya duba. Yau yaro yakan ɗauki ɗari cikin minti biyar, ba wanda ya kalla ko ɗaya. Lalle telan nan ya fi masu tsadaddun kyamarori da yawa fahimtar al'amarin, domin abin da ake koya wa yaro a nan shi ne dubawa, kuma ba a dubawa da gaggawa.

Darasin farko ma ba da waya aka yi shi ba. Gwangwanin madara ya samo, ya huda gindinsa da allura, ya rufe bakinsa da farar takarda da aka shafa wa man gyaɗa, ya lulluɓe kan yaran da baƙin zane. Da suka juya hudar wajen ƙofar gida sai ga itacen mangwaro a jikin takarda, kansa ƙasa. Ƙaramin ya yi ihu, wai itace ya kife. Bayanin kuwa mai sauƙi ne: haske a miƙe yake tafiya, wanda ya taso daga saman itace ya ratsa huda ya sauka ƙasa, na gindi ya hau sama. Wannan shi ne abin da malamin nan Ibn Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana cikin littafinsa Kitabul Manazir, shekaru kusan 800 kafin Daguerre ya bayyana hanyarsa ta ɗaukar hoto a Faransa cikin 1839. Ba wa yara kyamara ma ba sabon abu ba ne: a 1900 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da Brownie, dala ɗaya tak, kuma yara ya nufa da tallarta. Irin wannan kyamara ce J. D. Okhai Ojeikere ya saya cikin 1950, wanda daga baya hotunansa na kitson matan Nijeriya, wajen dubu, suka zaga duniya.

Garin Jos kuwa ya dace da wannan karatu. Yana bisa tudu mai tsawon mita 1,200 da ɗoriya, hasken safiyarsa garau yake bayan ruwan damina, da hunturu kuma hazo yakan tausasa shi har duwatsun Shere su zama kamar zane. A Gidan Tarihin, wanda Bernard Fagg ya kafa cikin 1952, yaran sun ɗauki tsofaffin kawunan jirgin ƙasan da ya yi jigila tsakanin Zariya da Jos har zuwa 1957, sun kuma ɗauki kwaikwayon ganuwar Kano da na Masallacin Juma'a na Zariya. Uban yakan ce su sa rana a bayan kafaɗa, su manne gwiwar hannu da ƙirji, su riƙe numfashi lokacin dannawa, su durƙusa idan abin ɗauka gajere ne. Iyakar ƙa'idodin ke nan. Wanda ya so ƙari idan ya girma, hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1979, tana nan Jos, haka nan makarantar koyon aikin fim da ke ƙarƙashinta, da kwalejin talabijin ta NTA.

Sai dai akwai darasin da ya fi na haske wuya. Wata rana a hanyar komawa gida, yarinyar ta hango wata dattijuwa mai sayar da dankalin Turawa a bakin titi, ta ɗaga waya ba sallama. Matar ta rufe fuska da gefen zane, ta shiga faɗa, mutane suka fara taruwa. Uban ya karɓe wayar, ya rusuna ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, yarinya ce, koyo take yi." Ya share hoton a gabanta. Sa'an nan ya juya ga 'yarsa ya ce ta gaishe ta, ta nemi izini kamar yadda ake neman izinin shiga gida. Yarinyar ta ce, "Mama, ina kwana? Don Allah zan ɗauki hotonki." Dattijuwa ta yi shiru, can ta gyara ɗaurin kai, ta ce to a bari ta jera dankalin tukuna.

Mai karatu da ya san Jos ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun rikicin Satumba na 2001 garin ya rarrabu, unguwa ta zama ta waɗansu ban da waɗansu, baƙon da ya ɗaga kyamara a inda ba a san shi ba yana iya jawo wa kansa abin da bai zata ba. Saboda haka telan ba ya barin yaran su fita ɗauka su kaɗai, ba sa ɗaukar jami'an tsaro ko shingensu, ba sa ɗaukar wurin ibadar kowa sai an yarda, kuma ba a sa hoton yaro ko na wani a intanet. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a bayan gari suna da kyau a hoto, amma zurfinsu ya ci rayuka, don haka daga nesa ake ɗaukarsu, hannun ƙaramin cikin na ubansa. Akwai iyayen da ke ƙyamar hoton mai rai saboda fahimtarsu ta addini; waɗannan ma ba a rufe musu ƙofa ba, ga duwatsu, ga gine-gine, ga itatuwa.

Abin da ya sa telan ya dage kuwa shi ne babbar kasuwar Taminus, wadda ta ƙone cikin Fabrairu na 2002. A can ya koyi ɗinki, shekara shida yana zaune a rumfa ɗaya, amma ba shi da hoton rumfar ko na maigidansa, wanda ya riga mu gidan gaskiya. Idan yaran suka tambaye shi yadda wurin yake, sai dai ya kwatanta da hannu.

Ƙarshen kowane wata yakan sa kowane yaro ya zaɓi hoto biyu daga cikin nasa, a kai wa mai hoto a wanke su bisa takarda, su rubuta rana da wuri da sunan wanda aka ɗauka a bayan kowanne. Na dattijuwar nan biyu aka wanke. Ɗaya yana cikin gwangwanin alewa a ƙarƙashin keken ɗinki tare da sauran, ɗayan kuma yarinyar ta kai mata da hannunta a Asabar ta gaba. Matar ta daɗe tana dubansa, ta ce an sa ta tsufa, ta ƙulle shi a bakin zane, ta ƙara musu dankali uku gyara.