Makomar Tsirya a Dazukan Ƙasar Hausa

Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce, littafin Alhaji Abubakar Imam da aka fara bugawa a Zariya a 1937, ya san aku, ya kuma san yadda bakinsa ya kai shi ga sarautar waziri. Sai dai akun da Bahaushe ya saba gani a keji, mai launin toka da jar wutsiya, baƙo ne daga kurmi. Daga cikin 'yan gida a wannan dangi akwai tsirya, wadda aka daɗe ba a kula da halin da take ciki ba, alhali kuwa ta cancanci a tsaya a dube ta tun lokaci bai ƙure ba.

Tsirya, wadda masana ke kira Psittacula krameri, koriya ce shar, mai jan baki lanƙwasasshe da doguwar wutsiya. Tsawonta ya kai kimanin santimita 40, amma fiye da rabinsa wutsiya ce. Namiji idan ya balaga yakan fitar da wani zobe a wuya, baƙi a gaba, ja-ja ta wajen ƙeya, wanda mace ba ta da irinsa. Ana samunta daga Senegal har zuwa Sudan da Habasha, akwai kuma danginta a Indiya. A garke take kiwo, tana cin 'ya'yan magarya da ɓaure da furanni da hatsi, kukanta kuwa akan ji shi kafin a hango ta.

Abin da ya fi muhimmanci a rayuwarta shi ne wurin hayayyafa. Tsirya ba ta saƙa sheƙa. Kogon itace take nema, ko dai wanda ruɓewa ta samar, ko wanda wani tsuntsu ya fafe ya bari. A nan take yin ƙwai uku ko huɗu da rani, ta kwanta a kansu mako uku da 'yan kwanaki, sa'an nan 'ya'yan su shafe wajen mako bakwai kafin su iya tashi. To, kogo ba ya samuwa sai a tsohon itace, irin su gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa, waɗanda sukan shekara da dama kafin su yi shi. Irin waɗannan manyan itatuwa kuwa su ne masu gawayi da masu faskare suka fi sa wa gatari. Ana iya dasa dalbejiya dubu a rana guda, amma ba ko ɗaya daga cikinsu da tsirya za ta yi ƙwai a cikinta sai bayan shekaru masu yawa. Saboda haka kamfen ɗin dashen itatuwa, duk da alherinsa, ba zai maye gurbin tsofaffin da ake kayarwa ba.

Matsala ta biyu ita ce kamu. Masu sana'ar tsuntsaye kan ɗana danƙo a rassa, ko su hau su kwashe 'ya'ya daga kogo tun ba su yi gashi ba, wani lokaci ma su sare itacen don su kai gare su. Da yawa sukan mutu saboda cunkoso da ƙishirwa kafin a isa kasuwa.

Wani zai ce ai tsirya ba ta cikin haɗari, tun da hukumar IUCN ba ta sa ta cikin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu ba, har ma dubbai daga cikin jinsinta na yawo a lambunan Landan da Burasal, jikokin waɗanda suka kuɓuce daga keji. Haka ne, amma yawansu a Turai ba zai cika dajin Katsina ko na Maraɗi da ya zama wayam ba. Daɗin daɗawa, labarin aku ya isa ishara. A dā yana da yawa ƙwarai a Gana, amma binciken da aka buga a 2016 ya nuna ƙasar ta yi hasarar kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta tun daga 1992, saboda kamu da saran daji. A shekarar ta 2016 ce taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg ya hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Manomi ma yana da nasa kukan, domin garken tsirya kan yi ɓarna a zangarniyar dawa da gero. Wannan gaskiya ne, sai dai maganinsa tsohon abu ne da aka gada: tsaron gona da korar tsuntsaye a 'yan makonnin da hatsi ke nuna. Zuba guba ba tsirya kaɗai take kashewa ba.

Wanda ya riga ya ajiye tsirya kuwa, ya sani ya ɗauki amanar da za ta iya wuce shekara 20. Tana bukatar keji mai faɗin da za ta buɗe fukafukanta, da ruwa mai tsabta kullum, da ganye da 'ya'yan itace a kan hatsi. Gyaɗa zalla kan sa mata ƙiba, wadda ta yi fumfuna kuma kan jawo mata cutar numfashi, fiya kuwa guba ce a gare ta. Idan kaɗaici ya dame ta, sai ta riƙa fige gashinta da bakinta.

Ya kamata masu unguwanni da dagatai, tare da ma'aikatan gandun daji, su hana sare duk itacen da aka san tsuntsaye na ƙwai a kogonsa. Masu sha'awa su daina sayen wadda aka kamo daga daji, domin ciniki ba ya tafiya sai da mai saye. Ɗaliban Hausa kuma su shiga ƙauyuka su tattaro sunaye da kirari da tatsuniyoyin tsuntsaye daga bakin tsofaffi, domin tsuntsun da ya ɓace daga daji, ba a jimawa sunansa ke ɓacewa daga harshe. Rigakafi dai ya fi magani.