Talala Mai Kamar Sake

Zuwa ga Edita,

Ina neman alfarmar ɗan fili domin in faɗi albarkacin bakina a kan labarin da kuka buga na sakin Aung San Suu Kyi, jagorar 'yan hamayyar ƙasar Bama a wancan lokaci, wadda sojojin da ke riƙe da ƙasar suka janye masu gadi da shingen waya daga ƙofar gidanta a birnin Yangon ranar Asabar, 13 ga Nuwamba, 2010. Labarin ya riske ni ana shirin Babbar Sallah, ina zaune a ƙofar gida, ragon layya yana ɗaure a turke a gabana, yara sun ƙara masa tsawon igiya don ya kai ga harawar da ke gindin katanga, shi kuwa sai tsalle yake yi yana tunkuyin iska, a zatonsa an sake shi; kuma ko da yake ba ladabi ba ne a kwatanta 'yar Adam mai daraja da dabba, wallahi ban iya hana zuciyata tuna maganar magabata ba, da suka ce talala mai kamar sake.

Dalilina kuwa shi ne, wannan ba shi ne karo na farko da aka buɗe mata ƙofa ba. An fara yi mata ɗaurin talala a watan Yuli na 1989, kuma tana cikinsa jam'iyyarta ta NLD ta ci kujeru 392 a zaɓen 1990, sojoji suka ƙi miƙa mulki, abin da duk wanda ya ga yadda aka yi da zaɓen 12 ga Yuni a nan gida ba sai an yi masa sharhi ba. Aka sake ta a 1995, duniya ta yi tafi, amma da ta nemi fita daga Yangon don ganawa da magoya bayanta sai igiya ta nuna iyakarta, aka mayar da ita gida a 2000. Aka kuma sake ta a watan Mayu na 2002, shekara guda ke nan sai 'yan daba suka far wa ayarinta a kusa da garin Depayin, aka kashe mutanenta, ita kuma, wadda aka kai wa farmakin, ita aka kama da sunan ana kare lafiyarta. Idan aka haɗa lissafi zuwa 2010, cikin shekara 21 ta yi kimanin 15 a tsare. A tsakanin haka ne mijinta, wani malami Bature ɗan Ingila, ya rasu a 1999 bayan an hana shi izinin shiga ƙasar su yi sallama, ita kuma ta ƙi fita domin ta tabbata in ta sa ƙafa waje ba za a bar ta ta komo ba.

Abin da ya fi sosa mini rai a cikin bayanan da ake ta yi shi ne yadda wasu ke kiran wannan al'amari afuwa, har suna yaba wa Janar Than Shwe, shugaban mulkin sojan ƙasar na lokacin, da sassauci, alhali kuwa afuwa, a wurin malamanmu na fiƙihu, ba ta tabbata sai bayan laifi ya tabbata da shaida ko iƙirari a gaban alƙali adali, kuma hujja tana wuyan mai da'awa ne, ba wuyan wanda ake tuhuma ba. Mafi yawan shekarun nan an tsare ta ne da wata dokar kare ƙasa ta 1975, wadda ba ta buƙatar a je gaban alƙali. Sa'an nan da wa'adin ya kusa cika a 2009, sai ga wani Ba'amurke ya yi iyo ya ƙetare tafkin Inya ya faɗo gidanta ba da gayyatarta ba, aka ce ta saɓa sharaɗin tsarewa, aka yanke mata shekara 3, shugaban sojan ya rage zuwa wata 18, waɗanda, bisa wani irin dace mai ban al'ajabi, ba su cika ba sai kwana 6 bayan an gama zaɓen 7 ga Nuwamba, zaɓen da jam'iyyarta ta ƙaurace masa, jam'iyyar da sojoji suka kafa ta kwashe rinjaye. Wanda ya ƙwace maka riga, ya jira har sanyi ya wuce sa'an nan ya miƙo maka ita, ina dalilin yi masa godiya? Ga kuma tsarin mulkin 2008, wanda ya keɓe wa sojoji kashi ɗaya cikin huɗu na kujerun majalisa ba tare da zaɓe ba, ya kuma haramta shugabanci ga duk wanda 'ya'yansa ke da takardun wata ƙasa, kamar tela ne ya auna ta ya ɗinka.

Kada a ɗauka ina raina farin cikin dubban mutanen da suka yi dafifi a ƙofar gidanta a daren nan. Wanda ya daɗe cikin ƙishi ba a hana shi murnar kurɓi ɗaya. Sai dai ita duniya ta san sunanta, tana da lambar yabo ta Nobel tun 1991, saboda haka tsare ta kunya ce ga masu mulki, sakinta kuma riba, alhali a 2010 akwai fursunonin siyasa fiye da 2,000 da ke kwance a kurkukun Insein da wasunsa, cikinsu har da Min Ko Naing, jagoran zanga-zangar ɗalibai ta 1988, wanda aka yanke wa shekara 65, da malaman addinin Buda da suka yi zanga-zangar lumana a 2007, waɗanda sakinsu ba zai sa wata ƙasa ta ɗage takunkumi ba.

Akwai kuma waɗanda ba a lissafa su ko cikin fursunoni, wato 'yan'uwanmu Musulmin Rohingya na yankin Arakan, da dokar 1982 ta raba su da zama 'yan ƙasa, har ya zama mutum ba ya tashi daga ƙauyensu zuwa wani, kuma ba ya ɗaura aure, sai da takardar izini daga hukuma. Al'umma ce guda aka yi wa talala, ba mutum ɗaya ba. Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka sa wakilanka su sake waiwayar ƙasar nan, su gaya mana ko bayan sakin nan na 2010 an bar matar nan ta fita daga Yangon, da ko mutum nawa suka fito daga Insein, da kuma abin da ita kanta ta ce game da mutanen Arakan a lokacin da bakinta ya buɗe.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zariya.