Ba Zaƙi A Harshe Kaɗai Ke Tayar Da Sukarin Jini Ba

Lafiya amana ce a hannun bawa, saboda haka a wannan mako za mu duba abin da loma ke aikatawa bayan an haɗiye ta.

Tuwo da shinkafa da burodi da doya, in sun shiga ciki, narkewa suke yi su zama sukari su bi jini. Akwai wata halitta a bayan tumbi mai fitar da sinadarin insulin, wanda shi ke shigar da sukarin nan cikin tsoka ya zama ƙarfi. In insulin ya yi kaɗan, ko kuwa jiki ya daina karɓar aikinsa, sai sukari ya taru a jini. Wannan shi ne ciwon sukari, mai ɓata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

A shekarar 1981 wani masani, Dakta David Jenkins na Jami'ar Toronto a Kanada, ya fito da ma'aunin saurin da kowane abinci ke tayar da sukarin jini. An ba zallar sukarin gulukos lamba 100. Abin da ya kai 70 mai gaggawa ne, 55 zuwa ƙasa kuwa mai bi sannu. Burodin fulawa yana wajen 75, alhali wake bai kai 55 ba. Dabino ma, duk da zaƙinsa, galibinsa bai kai burodi ba. Niƙa mai laushi da doguwar dahuwa su ma suna ƙara saurin.

Sai dai yawa ma abin lura ne, domin mai bi sannu in an cika kwano da shi zai yi ɓarna. Ɗan kasuwa mai yini a rumfa da ma'aikaci mai yini a kan kujera, ya kamata su rage malmala, su yawaita wake da zogale da miyar ganye, sa'an nan su taka ƙafa bayan cin abinci.

Mai ciwon sukari kuwa ya ga likita kafin watan azumi. Likitoci sun ce in awon jininsa ya sauka ƙasa da miligiram 70, ya karya nan take, kuma Shari'a ta yi wa maras lafiya rangwame.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.