Shawara Ga Wanda Ya Sayi Sabbin Kayan Sauti

Makon jiya na kai ziyara gidan wani ƙanena da bai daɗe da angwancewa ba. Bayan an ci an sha, ya ce in tsaya in ji abin da ya cinye masa albashin wata biyu. Ya kunna kayan sautin nan da 'yan kasuwa ke kira hom tiyata, ya murɗa har gilashin taga ya soma rawa. Ƙarar harbi ta cika falo, amma da jarumin fim ɗin ya buɗe baki, babu wanda ya fahimci abin da ya ce. Da na duba, sai na tarar da lasifika huɗu jere a ƙarƙashin talabijin, ta biyar kuwa an cusa ta cikin durowa, wai ta tare hoton aure. Ban yi masa dariya ba, domin ni ma haka na fara. Abin da na koya daga baya shi ne, kayan sauti masu kyau su ne waɗanda ke fito da magana sarai ba tare da an ƙure murya ba.

Yaudara ta farko a jikin kwali take. Za ka ga an rubuta wat 5000, a gefe kuma haruffa huɗu ƙanana, PMPO. Wannan lissafi ne na ƙarfin da na'ura ka iya kaiwa a ƙiftawar ido, kuma kowane kamfani da irin mudunsa. Adadin da ya fi kusa da gaskiya shi ne wanda aka rubuta RMS a gefensa. Idan babu shi, juya bayan na'urar ka karanta wutar da take sha. Abin da ke jan wat 100 daga soket ba zai dinga fitar da wat 5000 ba. Ka kuma sani cewa ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji sauti ya ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Saboda haka idan za ka kasuwa, tafi da muryar da ka sani, ko labaran rediyo ko karatun wani malami, a kunna maka a hankali. Kiɗan da mai shago ke zaɓa yana rufe aibu da yawa.

Sai batun jeri. Idan an ce 5.1, ana nufin lasifika biyar da wufa ɗaya mai fitar da kaurin sauti. Ta tsakiya ce ke ɗauke da mafi yawan maganar 'yan wasa, don haka wurinta dab da talabijin, sama ko ƙasa, tana fuskantar mai kallo, babu abin da ya tare ta. Ta dama da ta hagu su zauna daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da tazarar kowacce zuwa kujerarka. Sauran biyun na gefen kujera ne, su ɗan koma baya, su ɗan ɗara kai. Wajen haɗa waya, ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi. Idan aka juya ɗaya, lasifikokin za su riƙa kashe wa juna kauri. Tsakanin talabijin da na'ura kuma, a nemi kafar HDMI da aka rubuta wa ARC.

Wufa ba ta da wuri guda, domin kunne ba ya saurin gane inda sauti mai kauri ke fitowa. Lungu yana ƙara mata ƙarfi, amma yakan mai da shi gunji. Dabarar da na gwada ita ce ka ɗora ta a kan kujerar da kake zama, ka kunna kiɗa, ka zaga gefen bango a duƙe. Inda ka ji kaurin ya fito tsaf, nan ne mazauninta.

Ɗakin kansa rabin aikin ne. Falon da aka shimfiɗa wa tayil, bango fayau, taga babu labule, zai riƙa maido da sauti har magana ta cakuɗe. Kafet, labule mai nauyi da kantar littattafai suna gyara abin da ƙarin kuɗi ba zai gyara ba. Wanda ke ƙaramin ɗaki kuwa, lasifika biyu masu kyau da wufa sun fi masa biyar marasa inganci, tun da yawancin abin da muke kallo da hanyar sauti biyu aka naɗe shi.

Kada a manta da wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, don haka mai sayen na hannu ya karanta bayan na'ura kafin ya jona. A sa mata sitabilaiza, a kashe ta kafin a juya zuwa janareta, kuma kada a lulluɓe ta da ƙyalle tana aiki da sunan kare ta daga ƙurar hunturu, domin zafi ya fi ƙura saurin kashe ta.

Abin da ya fi na'ura tsada shi ne kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yaro, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, sautin ya yi yawa. Sannan kaurin wufa yana ratsa bango fiye da sauran sauti. A gidan haya, bayan bangon nan akwai mai jego, ko majinyaci, ko ɗalibi mai jarrabawa gobe, kuma haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don mutum ya sayi sabon kaya.

Ni da ƙanena mun ɗauki rabin awa muna jan kujeru da waya. Ko kwabo ba mu kashe ba. Da muka sake kunna fim ɗin a rabin ƙarar farko, amaryarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Ashe dai Hausa suke yi." Allah Ya kai mu mako mai zuwa.