Kunnen Da Ke Shiga Ɗaki Ba Sallama

 

Yau ina so mu duba manhajojin nan da ake yi wa magana da baki, su kira maka lamba, su saita ƙararrawa, ko su nemo bayani. Kamfanin Apple ya sanya Siri a wayar iPhone a 2011, Amazon ya fito da Alexa a 2014, Google Assistant ya biyo baya a 2016. Microsoft ma ya sa Cortana a kwamfuta, amma ya janye ta a 2023.

Shin muna amfani da su kuwa? Abin da nake gani a nan Kinkinau da maƙwabtanmu na Unguwar Mu'azu shi ne, mu mutanen baka ne. Saƙon murya na WhatsApp ya zama wasiƙarmu, da shi iyayen ɗalibaina suke sanar da ni yaro ba shi da lafiya. Amma da wuya ka ga mai ba wayarsa umarni. Babban dalili shi ne harshe. Siri tana jin Larabci, ba ta jin Hausa. Sai a 2024 Google ya saka Hausa cikin harsunan da ake bincike da murya, ko a mayar da magana rubutu.

A ganina wannan ci gaba alheri ne. Makaho zai kira ɗansa ba tare da neman ɗan jagora ba. Dattijon da ya ƙware a ajami amma bai yi boko ba zai aika saƙo da kansa. Wanda ya raina wannan amfani bai san wahalar jiran wani ya karanta masa sirrinsa ba.

Sai dai akwai abin lura. Kafin na'ura ta amsa kira, dole kunnenta ya kasance a buɗe yana jiran kalmar da ake tashinta da ita. Wani lokaci takan farka bisa kuskure, ta naɗi abin da ba da ita ake ba. A 2019 ta bayyana cewa 'yan kwangilar Amazon da Google da Apple suna sauraron wasu muryoyin da aka naɗa domin gyara manhajojin. Apple ya nemi afuwa a shekarar, kuma a 2025 ya yarda ya biya dala miliyan 95 don sasanta ƙarar da aka kai shi a Amurka, ko da yake bai amsa laifi ba.

Ya ɗan uwa, ka tuna aya ta 58 a Suratun Nur. Allah Ya wajabta wa yaran gida da masu hidima neman izini a lokuta uku: kafin sallar Asuba, da lokacin hutun rana, da bayan Isha'i. Idan ɗan da ka haifa sai ya nemi izini, ta yaya kunnen baƙo zai kwana ƙarƙashin matashinka? Haka nan maganar baƙonka a zaure amana ce, kuma bai ba ka izinin naɗarta ba.

Ba ina cewa na'urar haramun ce ba. Shawarata uku ce. Ka shiga saitin wayarka ka kashe sauraron kalmar tashi, domin kada ta ji ka sai ka danna. Ka riƙa goge muryoyin da aka ajiye a asusunka. Kada kuma ka ajiye lasifikar da ke sauraro a ɗakin kwana.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Wallahu a'alam.