Yaranmu na mutuwa don rashin iska, kuma kowa ya yi shiru

A shekarar 2018 limoniya, wato ciwon huhu, ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya, bisa ƙididdigar UNICEF. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Indiya, wadda ta ninka mu yawan jama'a sau da yawa, 127,000 ta rasa. In ka raba namu a kan kwanakin shekara, yara sama da 440 ke nan kullum ta Allah. Da 'yan bindiga ne suka kashe yara 440 a yini guda, da majalisa ta yi zaman gaggawa, gwamnoni sun yi tururuwar zuwa ta'aziyya. Amma da yake tari da haki ne ke ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, wani a bayan uwarsa, wani a kan hanyar asibiti, sai a yi musu sutura kafin azahar, a ce kwana ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Ajali gaskiya ne, ba mai musu. Sakaci ma gaskiya ne, kuma akwai ranar da za a tambayi mai shi.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne cutar nan ba ɓoyayyiya ba ce. Ƙwayar cuta ke shiga huhu, ƙananan jakunkunan da ke karɓar iska su cika da ruwa da mugunya, jinin yaro ya daina samun oksijin. Sai numfashinsa ya yi sauri, ƙofofin hancinsa su riƙa buɗewa, ƙasan haƙarƙarinsa ya riƙa lotsawa duk sa'ad da ya ja iska. Nas da ta san aikinta za ta ɗage masa riga, ta dubi agogo, ta ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu in ya kai 60, ɗan wata biyu zuwa goma sha ɗaya in ya kai 50, ɗan shekara ɗaya zuwa biyar in ya kai 40, to abu ya faru. In an kama da wuri, ƙwayar amoxicillin mai narkewa a ruwa ta 'yan kwanaki kan wadatar. In abin ya yi tsanani, akwai 'yar na'urar da ake maƙala wa yaro a yatsa ta nuna yawan oksijin da ke jininsa. Ya sauka ƙasa da 90, yaron na bukatar a sa masa iska nan take. Kuɗin na'urar nan bai kai na wayar da ke hannun shugaban ƙaramar hukuma ba, amma je ka asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenku ka ce a nuna maka ita.

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a ɗakin yara cikin hunturu ya san abin da zan faɗa. Gadaje cike, wani gadon yara biyu, iyaye mata a zube a ƙasa, nas ɗaya tal ke riƙe da dare. A kusurwa akwai injin tace iska guda ɗaya yana gurnani. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ce kawai oksijin, injin ne ke tace ta ya turo ta robar hanci. Da wutar lantarki yake aiki. Tsakar dare aka ɗauke wuta, janareta ba mai, injin ya yi tsit. Nas ta kunna fitilar wayarta ta cije ta a baki, don hannuwanta biyu na kan wani yaro. Silindar oksijin ɗaya ce ta rage, ita ma sai uba ya je ya biya ya kawo rasit. Yara uku ke bukatarta. Wa zai zaɓi wanda za a cire wa robar? Wannan baiwar Allah da ba a ma biya ta alawus ɗinta ba ita aka bar wa hukuncin, ita kuma dangi za su zaga gobe in an rasa yaron.

Mutane na ɗauka jinya ba da magani ce kawai. Mai ciwon huhu kuwa idon nas ne ke riƙe da shi. Ita ke ɗan tada masa kai don numfashi ya samu hanya, ta ɗiga masa ruwan gishiri a hanci ta zuƙe majinar da ta toshe, ta gyara robar iska in ta zame, ta sa uwa ta tatso nono a ba shi ta roba in ya kasa tsotso, ta yi masa allura a kan lokacinta ko da ƙarfe uku na dare ne, ta dawo ta sake aunawa. Mutum ɗaya ba zai iya yi wa ɗaki guda wannan ba, komai tausayinsa. A farkon 2024 Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa ta ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Amsar da aka fara bayarwa ita ce tsaurara ƙa'idar tantance takardunsu don kada su fita. Ba a tambayi abin da ya kore su ba.

Kada wani ya ce mini babu kuɗi. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafi. Kasafin tarayyarmu a yawancin shekaru yana kewayen kashi 5. Da korona ta zo ta fara ɗaukar manya, a Janairun 2021 Shugaba Buhari ya amince da naira biliyan 6.45 don kafa masana'antun oksijin 38 a faɗin ƙasa. Ashe an san oksijin, an san inda ake samo kuɗinsa. Shekara da shekaru 'ya'yan talakawa na haki ba wanda ya motsa.

Mu ma a gida muna da namu kason. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin yaran da ciwon huhu ke kashewa, hayaƙin girki na cikin gida ne sila. Dubi mace a madafa da goyo a baya, ta durƙusa tana hura ɗanyen itace, ta cusa leda don wuta ta kama, idonta na zubar da ruwa, jaririn na shaƙar abin da take shaƙa da huhun da bai gama ƙwari ba. Da sanyi ya shigo kuma a kai kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Ba na ganin laifin matar nan, gas ya fi ƙarfin gidanta, har waɗanda suka saba da shi sun koma gawayi. Wanda nake ganin laifinsa shi ne maigidan da ke hana a kai yaro rigakafi. Tun Disamban 2014 aka fara ba da allurar rigakafin limoniya a ƙasar nan, kyauta, a sati 6 da 10 da 14. Haka mai kemis da ke ganin ƙirjin yaro na lotsawa, ya miƙa wa uwa kwalbar maganin tari ya karɓi kuɗi, har kwana uku su wuce a kai yaron asibiti leɓɓansa sun yi duhu.

Ranar 12 ga Nuwamba ake kira ranar yaƙi da limoniya ta duniya, daidai bakin hunturu. Bana ba na son jawabi da riguna masu tambari. Kowane kwamishinan lafiya a Arewa ya fito ya karanto mana sunayen asibitocin jiharsa ɗaya bayan ɗaya: wanne ke da na'urar yatsa, wanne ke da injin iska mai sola da batir da zai kai asuba, nas nawa ke kwana a ɗakin yara. A haramta karɓar kuɗin oksijin daga uban yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kafin a sa masa roba. 'Yan jarida kuma su ɗauki jerin sunayen su bi asibitocin da ƙarfe biyu na dare, ba tare da sun sanar da kowa ba.