Darasi Daga Ƙasar Sin Game da Haƙƙin Tsofaffi

 Ya ku malamai da fatake na Birnin Kudu da Gwaram, ku sani wani al'amari ya auku a ƙasar Sin wanda ya cancanci mu yi tsokaci a kansa.

Mutanen Sin sun shahara da girmama iyaye tun zamanin da. Amma a 1980 hukumarsu ta tilasta wa yawancin magidanta tsayawa ga ɗa guda, ba ta janye dokar ba sai 2016. Samari kuma suka kwarara birane neman aiki, aka bar tsofaffi a ƙauyuka. Aka wayi gari mutum ɗaya na ɗauke da nauyin iyaye 2 da kakanni 4. Yau masu shekara 60 zuwa sama a can sun haura miliyan 300. Abin ya kai a 2013 aka sa a doka cewa wajibi ne 'ya'ya su riƙa ziyartar iyayensu, wanda ya ƙi ana iya kai shi gaban alƙali.

To, mu ba mu da ƙarancin 'ya'ya, amma rabin cutar ta iso mu. A da gandu ne ke riƙe tsoho: 'ya'ya su yi noma tare, a ci daga rumbu ɗaya. Yanzu gandu ya watse, gonaki sun tsattsage da rabon gado, ɗan cirani da ke komowa da damina ya zama mazaunin Kano ko Ikko. Manomi kuwa ba shi da fansho, ɗansa ne fanshonsa.

Shari'a ta riga hukumar Sin. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana wajabcin ciyar da iyaye matalauta, malamanmu na Malikiyya kuma sun ce ana raba nauyin tsakanin 'ya'ya gwargwadon wadatarsu. Sai dai kuɗin da aka turo ta waya ba ya ɗebo ruwa, ba ya raka tsohuwa asibiti.

Saboda haka 'yan'uwa su zauna su tsara wanda zai zauna gida da waɗanda za su tallafa masa. Limamai su riƙa tunatarwa ran Juma'a, masu unguwanni su san gidan da aka bar tsoho shi kaɗai. Abin da ka shuka shi za ka girba. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin. Wassalamu.